Ƙugiya

Mushe Tanimun ya ce in ƙirga abin da ya rage,
za a mai da ɗakin ma'ajin karyayyun kujeru.
Na zo da kaye da biro,
na tarar gara ta riga ni karatu.

Ga na farko can ƙasan kwali:
labarin rijiyoyin Adar, shafi talatin da biyu,
bugun shekarar da damina ta yi mana rowa,
kwafi ɗari, kowane dala ashirin.
Abarshi mai haƙar rijiya ya faɗa da baki,
mu uku muka bi shi ƙauye da rakoda,
Inna Habsu ta buga a tsohuwar tafireta
da lakwal ta gada daga ofishin kwamanda.

Tafiretar nan Faransanci ta iya.
Ba ta san ƙa ba, ba ta san ɓa ba,
ɗa ma ba ta san shi ba.
Takardar inji kuwa ba ta son gyara, yagewa take.
Sai a buga ka, a bar mana sauran aiki:
bayan lisha, tabarma ɗaya, fitilar ƙwai a tsakiya,
muna sa wa baƙaƙe ƙugiya da alƙalami
har Tawa ta yi tsit, sai haushin karnuka.

Habsu kan ce, ku yi hattara, ƴaƴana,
baƙi in ya rasa ƙugiya baki yake komawa,
mu kuwa daga baki muka ɗauko shi.

A shafi na sha tara barci ya sace ni.
Abarshi ya ce ƙishi ya kashe masa garke,
ni na bar shi kishi.
Ran da aka karanta masa, ya yi dariya har da tari:
yaro, kishin me saniya za ta yi
tana lasar busasshen kwami?

Na biyu lissafi ne, ya ƙare tas.
Na biyar kacici-kacicin Ghumar da Tamajak,
tifinar ɗin a robar taya muka sassaƙa,
har yau tabon aska na nan a babban yatsana.
Akwai na maganin awaki,
akwai waƙoƙin daka na matan Kalfu
da wani sufeto ya ce ba karatu ba ne.

Daga nan shekara bakwai shiru.
Haƙorin inji ya karye, aka aika Yamai,
Yamai ta ce gobe.

Sai masu taimako suka zo da farar mota,
suka biya kwafi dubu biyar kan wanke hannu.
Ga su nan jibge har rufi,
ko gara ba ta taɓa su ba.

Kwamfuta ta iso da ƙugiyoyinta a ciki,
Habsu ba ta gan ta ba.
Littafi arba'in da ɗaya ke nan duka,
in ban manta da wani ba.

Ina cikin ƙirga aka yi sallama.
Wata ce da goyo, Rabi Abarshi, jikarsa.
Famfon garinsu ya mutu wata huɗu,
tsofaffi na gardama kan inda tsohuwar rijiya take,
an ce kakanta ya faɗa a cikin littafi.

Na buɗe. Gara ta ci gefe, ta bar tsakiya:
taki sittin gabas da gawon da tsawa ta raba.
Shafi na sha tara.
Saman layin, kishina na nan zaune
shekara arba'in yana jira na.

Na ce dakata. Na cire murfin biro.
Hannu na rawa na lanƙwasa masa kai,
yadda ake zura ƙugiya a rijiya
a lalubo gugan da ya faɗa.

Ta tambayi kuɗi. Na ce dala ashirin.
Ta yi dariya irin ta kakanta, ta biya.
Na rubuta a kaye: saura shida.